Igiyar Rijiyar Tunga

Tun ranar Asabar gindina ya ƙi zama. In na shimfiɗa buzu a zaure sai in ji kamar ana kirana a ƙofar gida, in na fita sai in rasa abin da ya fito da ni, in sake komowa. Jikokina mata har sun fara yi mini dariya, wai tsoho ya koma kaza mai neman wurin saka ƙwai. Su yi ta yi, ja'irai, ba su san abin da ke cina ba. Ɗana Lawali, wanda shi ne babba a 'yan sa-kai na garinmu, ya tara samari sun yanke shawara ran Alhamis za su hau babura su tsallaka iyaka zuwa Tunga, su kwance farantan sola na famfon garin, su zauna a wurin, domin an ce can 'yan bindiga ke shan ruwa kafin su faɗo mana. Ni kuwa na taɓa zuwa Tunga da irin wannan niyya, ran Alhamis, ina saurayi, kuma abin da na ɗauko a can har yau ban sauke shi ba.

Garinmu yana tsakanin Shinkafi da Jangeru. Tunga tana arewa da mu, in ka fita da jaki bayan sallar asuba za ka isa kafin rana ta take tsaka. A takarda ƙasar Nijar ce, amma mu Faransa muke cewa, har bayan Turawan sun tattara nasu sun tafi. Iyakar nan da ake ta ɗaga jijiyar wuya a kanta yanzu, ni a ƙuruciyata ban san ta da komai ba sai wani dutse da aka shafa wa farar ƙasa a gefen hanya, jakuna na sosa jikinsu da shi. Innata 'yar Tunga ce. Wanta, Kawu, shi ke kula da rijiyar garin, kamar yadda ubansu ya kula da ita. Tunga ƙauye ne ɗan ƙanƙane, ba kasuwa, ba masallacin Juma'a, ba su da abin da wani zai yi wa kwaɗayi sai ruwa. Amma fa ruwa! Da bazara, in tafkuna suka ƙafe, daga bakin gulbinmu har ka yi nisa cikin Faransa ba inda za ka jiƙa maƙoshi sai nan. Har yau in na rufe ido ina jin kukan igiya tana gogar itacen bakin rijiyar, itacen nan da ta ci har ta yi masa ramuka, ina jin shanu na tura juna a bakin komin da ake zuba masu ruwa, mata na daka, Kawu na tari yana yi wa wani makiyayi tsiya a kan bijiminsa da ya rame. Duk lokacin da Inna ta aike ni da dawa ko kuka, sai a ce in yi kwana biyu in yi uku, in dawo a yi mini faɗa.

A bakin rijiyar akwai gwafa kafe, a kanta ake rataye wasaki, babban gugan nan na fata, da igiyarsa. Ba a shiga da su gida, rani da damina. Ba a tambayar mai sha daga ina yake, ba a tambayarsa ina za shi. Makiyayi da garkensa, fatake, mai tafiya Makka a ƙasa, mahaukacin da ya bar garinsu, duk ɗaya ne, kowa ya ɗebo ya sha ya mayar bisa gwafa. Igiyar Kawu ke tufka ta da hannunsa, da rama, kuma akwai wani ƙulli da yake ɗaure ta da shi a gindin gwafar wanda in ba ka san kansa ba sai dai ka sa wuƙa. Ya koya mini shi wata rana muna zaune, don in ya tsufa a samu mai canja masa igiya. Na taɓa ce masa, "Kawu, ba ka tsoron wani ya yanke ta ya gudu da wasakin?" Ya dube ni kamar na yi maganar wauta, ya ce, "Wanda ya yanke ta, ran da ya dawo da mi zai ɗebo?"

Yanzu fa? Yanzu in baƙo ya tsaya ƙofar gidanka ya ce a ba shi ruwa, kafin ka miƙa sai ka dubi ƙafarsa, ka dubi babur ɗinsa, ka dubi ko akwai abin da ya turo rigarsa. Ni kaina haka nake yi, ba zan ɓoye ba. Shekarar da aka rufe iyaka, rediyo na ta zancen wai za a tura soja su shiga Nijar, samari na zaune bakin mai shayi suna lissafin ta inda za a bi da garin da za a fara kamawa, kamar masu shirin dambe. Na wuce su na yi tsaki. Wani mai baki a cikinsu ya ce, "Baba tsoho bai son zancen yaƙi." Na ce masa, "Kai, rufe mini baki! Garin da kake cewa a fara kamawa can aka yanke wa kakarka cibi." Ni zancen yadda za a shiga ƙasar maƙwabci na san shi tun ba a haifi ubansa ba, kuma na san abin da ba a faɗa a cikinsa.

A zamaninmu ma akwai ɓarayin shanu, sai dai na raƙuma ne, da takubba da sanduna. Sukan gangaro daga arewa da bazara, su kore garke su yi gaba. Abin da ke tsare mu da su, a ganin mutanen gari, Inna ce. Tun bayan rasuwar babanmu, wani lokaci sai ta kira ni ta ce, "Je ka gaya wa mai gari raina bai kwanta da daji ba kwanan nan, a shigo da shanu." A shigo da su kuwa, bayan kwana biyu a ji an kwashe na wani gari. Aka yi ta cewa Inna mafarki take yi, har mata na zuwa tambayarta abin da ba ta sani ba, tana korarsu. Ana nan wata bazara aka faɗo mana ba tare da ran Inna ya gaya mata komai ba, aka tafi da kusan rabin shanun gari, aka sari makiyayi a kafaɗa. Masu bin sawu suka bi har bakin rijiyar Tunga, suka tarar da kashin raƙuma ɗanye a wurin.

A nan Baffa ya shigo zancen, ƙanen babana. Tsohon soja ne, ya je yaƙin Turawa, jirgin ƙasa ya dawo da shi Ƙaura da akwatin ƙarfe da tabo a ƙwauri, kuma tun daga ranar bai yarda akwai wanda ya san duniya kamarsa ba. Ina sonsa ƙwarai. In ya ce mini "kai namiji ne" sai in yini ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Bayan sallar la'asar aka taru gindin tsamiyar ƙofar mai gari, ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana garinmu da sandarsa, ya zana Tunga, ya ja layi.

Ya ce, "Ku ba ku san yaƙi ba. Mun ji daga bakin manyanmu na soja, akwai ƙananan ƙasashe da ba su ce wa kowa uffan ba, aka wayi gari soja ya cika su. Ba ƙinsu aka yi ba. Wata hanya ce ta ratsa ta cikinta, wata bakin teku gare ta, wata man fetur gare ta ƙarƙashin ƙasa. In ba ka shiga ba, abokin gabarka shi zai shiga. Mutanen Tunga ba su yi muna komi ba, na sani. Amma raƙumi bai isowa nan sai ya sha a wagga rijiya. Mu riƙe ta sai ruwa ya sauka, shi ke nan, mun yanke masu hanya."

Liman, wani tsoho mai sanyin murya, ya ce, "To Sajan, su mutanen ƙananan ƙasashen, yaya suka ƙare?"

Baffa ya ce, "Wannan ba a gaya muna ba. Mu soja ne."

Aka yi dariya, har da ni, aka wuce wurin. Wallahi da an tsaya a kan tambayar nan ta liman da ba haka ba. Aka sa ranar Alhamis, don ranar ce mazan Tunga ke tafiya kasuwar Shinkafi. Sai Baffa ya dafa kafaɗata a gaban jama'a, ya ce ni zan yi gaba, tunda ɗan 'yarsu ne ni, mata ba za su yi kururuwa in sun gan ni ba, kuma ni kaɗai na san kan ƙullin. Na ji kamar an naɗa mini sarauta.

Da na shiga gida na tarar labari ya riga ni. Inna na tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Kada ka taɓa igiyar nan." Na ce mata aikin maza ne, kuma ba wanda za a taɓa, tsaronsu ma za mu yi. Ta ce, "Na ce kada ka taɓa ta. Ba ni da ikon gaya maka dalili, amma ni na haife ka." Na ce a raina son kai ne kawai, danginta take karewa. Kai, ƙuruciya! Ko a fuska ban nuna mata na ji ba, na ɗauki sandata na fita.

Mun tafi mu wajen talatin, da sanduna da kwari da baka da bindigar toka guda biyu, muka bi ta bayan hanya don kada mu yi kiciɓis da 'yan kasuwa. Sauran suka laɓe cikin sabara, ni na shiga gari da sallama. Matar Kawu ta yi murna, ta shimfiɗa mini tabarma, ta tambayi Inna, ta dama mini fura da ruwan rijiyar nan mai sanyi. Na shanye tas. Wannan furar ita ta fi tsaya mini a rai, don da na ƙi sha da na ce ban ci amanar kowa ba. Na tashi na nufi gwafa na durƙusa. Ta hango ni daga bakin danga, ta ce, "Ɗan nan, mi kake yi da igiya?" Na ce, "Gyara zan yi mata." Ƙullin ya saki a hannuna ba gardama, na naɗe igiyar a kafaɗa, na yi fito, sabara ta fashe da mutane.

Kawu ya dawo rana ta yi sanyi, da gishiri da ɗan tsire a ƙunshin takarda don yaransa. Ya sauko daga jaki ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, duk ya san iyayenmu. Baffa ya tare shi da fara'a, ya ce, "Tsaronku muka zo yi, ruwa na sauka mu tafi." Kawu ya ce, "Wa ya ce maku muna neman tsaro?" Sai idonsa ya kai kan gwafa, ya ga ba yanka aka yi ba. Ya juyo wurina, ya ce, "Kai ka kwance ta?" Na ce ni ne. Ya kaɗa kai, ya ce, "To, ka iya." Ya ja jakinsa ya shige gida.

Mun yi zaton ruwa zai sauka cikin mako ɗaya, muka yi uku da 'yan kwanaki. Abin da ba a zana a ƙasa gindin tsamiya ba shi ne mutum talatin suna cin abinci. Guzurinmu ya ƙare, muka koma kan geron masu gari, da farko da roƙo, daga baya da ido. Matan da suka goya ni sai sun zo sun tsaya a gabana sun ce a ba su guga, in ba su, in tsaya a kansu har su gama. Baƙo in ya zo mu tsare shi da tambaya, in fuskarsa ba ta yi mana ba mu ce ya yi gaba. Na ga makiyayi ya juya da garke shanu na kuka suna waiwayen komi, yana tafe yana ɗaga hannu sama, ban san abin da yake roƙa mana ba amma na san ba alheri ba ne. Kafin mako biyu ƙafa ta ɗauke, rijiyar da ba ta rabuwa da hayaniya ta koma sai kukan kurciya. Ɓarayin da muka zo dominsu kuwa ko ƙurarsu ba mu gani ba, ashe tun kwana na biyu labari ya kai masu. Muka zauna muna gadin rami, muna faɗa da junanmu a kan wanda zai je itace.

Wata safiya jandarma, 'yan sandan can, suka zo a mota, don wani ya kai ƙara cewa baƙi da makamai sun shigo ƙasa. Tun daga nesa da muka ji ƙugin mota kowa ya kama gabansa, har Baffa da ƙwaurinsa mai tabo, ban taɓa sanin yana da gudu haka ba. Ni ban ma san igiyar na kafaɗata ba sai da na ga dutsen nan mai farar ƙasa. Mu mun tsira. Kawu aka ɗauka aka tafi da shi, ya yi kwanaki yana amsa tambayar dalilin da ya sa ya saukar da mu. Yana can ɓarayin suka zo Tunga, suka ce ku kuka kira muna mutanen kudu, suka cinna wa rumbuna wuta. Makiyaya kuma suka yi ta yaɗawa cewa Tunga ta fara hana ruwa. Mutanen da ba su ce wa kowa uffan ba suka wayi gari ba su da masoyi ta kowace fuska. Da ruwan farko ya sauka, gari duk an watse gona ana shuka, da rana tsaka ɓarayin suka biyo ta yamma, ta cikin gulbi, suka kore abin da ya rage mana na shanu, ko ɗan maraƙi ba su bari ba.

Ranar ce Inna ta kira ni ɗaki. Mata sun cika tsakar gida suna cewa yaya wannan karon ranta bai gaya mata ba. Ta sa na saki labule, ta nuna igiyar da na jefa bayan randa, ta ce, "Ni ban taɓa mafarkin komi ba. Duk wanda zai gangaro sai ya sha a hannun kawunka, shi kuma yana da ido. In ya ga raƙuman da bai yarda da su ba sai ya aiko mai tallan nono ta gaya mini. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, don in zancen ya fita su za a ƙona. Wancan karon da aka sace, zazzaɓi ya kwantar da shi, bai ga wucewarsu ba. Rijiyar a buɗe ita ke tsaronku. Kai ka rufe ta." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ni na yi.

Tun rasuwar babanmu ni ke cika mata randa kowace safiya. Washegari na ɗebo na cika kamar kullum. Ta fito ta kwashe ruwan da ƙwarya ta zuba wa awaki, ta ɗauki tulu ta tafi rijiya da kanta. Na ce fushi ne, zai huce. Bai zama fushi irin wanda na sani ba. Ta ci gaba da dafa mini tuwo, ita ta nemo mini mata, ta goya 'ya'yana, tana sa mini albarka in zan yi tafiya, muna hira har da dariya. Amma ruwan da hannuna ya ɗebo, ko wanda na miƙa mata a kwano, ba ta sake kai shi baki ba. Na ɗauki igiyar na koma Tunga bayan shekara, na tarar Kawu ya kwashe iyalinsa ya yi arewa, ban sake ganinsa ba har ya bar duniya. Wanda na samu a bakin rijiyar ya ce, "Koma da kayanka, yanzu kowa da gugansa yake zuwa." Na dawo da ita na soke a rufin rumbu, gara ta cinye ta. A ciwon ajalin Inna ina zaune kusa da kanta, leɓenta ya bushe, na ɗebo ruwa a ludayi na kai mata. Ta dube ni da tausayi, ta ce, "Na yafe maka duniya da lahira, ɗana. Ba ya wuce mini a maƙoshi ne kawai. Miƙa wa matarka ta ba ni." Na miƙa wa matata ludayin na fita waje.

Kafin makon nan ban taɓa ba 'ya'yana wannan labari ba. Waɗanda muka je tare duk sun mutu, ni kuma na bar shi a matsayin tsohon da bai son hayaniya. Sai ga Lawali ranar Asabar ya shigo zaure ya durƙusa, ya zayyana mini shirinsu tiryan-tiryan, har yana zane da yatsa bisa tabarma. Da ya kai ƙarshe, ya ce, "Baba, alfarma muke nema. Kai jininsu ne, tsofaffinsu sun san ka. Ka yi muna gaba, ka gaya masu ba da sharri muka zo ba, tsaronsu za mu yi." Ban san lokacin da na wurga masa carbi ba. Na ce ya tashi ya ba ni wuri, na kira shi da sunayen da ban taɓa kiransa da su ba. Ya fita yana mamaki, don shi a ganinsa girmama ni ya yi.

Kada wani ya ce Lawali mugu ne. Shi ya ɗauko gawar amininsa daga gona a bayan babur. Gonarmu ta bakin daji damina uku ke nan ba a sa mata fartanya ba, matan gari ba su zuwa itace sai da rakiya, hanyar Zurmi in mutum ya bi ta sai an yi ta kiran wayarsa har ya sauka. Mutum ne da ya gaji da binne mutane. Shi ya sa jiya Laraba na sa aka kira shi, na zaunar da shi na ba shi labarin nan kaf, har furar, har ludayin. Ya saurara kansa a ƙasa. Da na gama ya ce, "Baba, naku ɓarayin shanu suke ɗauka. Namu mutane suke ɗauka. In mun zauna, mi za mu yi?"

Na ce, "Ban sani ba." Gaskiya ce, ban sani ba, kuma ta fi komai ci mini rai. Na ce, "Amma gaya mini, lambar nan ta ƙetare da kan kira ka, ka tashi da gudu ka ce a dawo da mata daga gona, daga wane gari take?"

Ya shafa aljihunsa inda wayar take, ya ce, "Mutum ɗaya ne a Tunga, Baba. Sauran shayar da 'yan bindiga suke yi."

Na ce, "A lokacinmu ma mutum ɗaya ne. Kuma wanda aka sa wa bindiga a ka ya ba da ruwa, kai mi za ka kira shi?"

Ya miƙe tsaye. Ya ce samari sun riga sun sayi mai, magana ta fita, in ya janye yanzu ba zai sake ɗaga kai a garin nan ba. Ya yi mini sallama ya tafi. Na bi bayansa da kallo, tafiyarsa sak tawa.

Tun da ƙafafuna suka yi nauyi, Lawali ke kawo mini ruwan sha kowace safiya da hannunsa, bai yarda ya aiko yara ba. Yau Alhamis, gari ya waye, na dawo masallaci ina zaune bisa buzu, na ji babura sun taru ƙofar gida suna ƙugi. Ya shigo da rigar aikinsa, bindiga a rataye, kwanon sha a hannu. Ya durƙusa ya miƙo mini. Ban shirya komai ba, Allah shi ne shaida, ban yi niyyar yi masa abin da aka yi mini ba. Hannuna ne kawai ya ƙi tashi daga gwiwata. Ina kallon ruwan, ƙishirwa na cina, na ji maƙoshina ya rufe. Sai a lokacin, da furfurata da komai, na gane ashe Inna ba horo take yi mini ba, ita ma ƙishirwar take ji.

Ya ce, "Baba, ruwa."

Ban karɓa ba. Waje aka danna oda, wani ya ƙwala masa kira, "Shugaba, rana na yi!" Bai waiwaya ba, bai kuma sauke hannunsa ba. Kwanon ya karkace, ruwa na ɗiga bisa buzu. Aka sake kira, aka sake, har na ji wani ya yi wata magana mai zafi a kan tsoro, wasu suka yi dariya. Ina ganin jijiyar wuyansa ta tashi. Can sai ya sa hannun hagu a aljihu, ya zaro makullin babur ya ajiye gabana, ya zame bindigar daga kafaɗa ya jingine ta da bango.

Ba duka suka fasa ba. Wasu sun kashe injin sun koma gida suna gunaguni, amma na ji babura kamar bakwai ko takwas sun tashi sun yi arewa, muna jin ƙararsu har ta ɓace. Ban san abin da za su tarar ba, ban san abin da za su jawo mana ba, kuma ban san ko lambar nan za ta sake kira ba. Tun hantsi kunnena na can, shi ma nasa na can, wayar na ajiye tsakaninmu ba ta yi motsi ba.

Amma ruwan na karɓa. Ya daɗe a hannunsa har ya yi ɗumi, rabinsa ya zube. Na kafa kai na shanye shi duka, har da ɗan yashin da ya kwanta a gindin kwanon, na miƙa masa na ce ya ƙaro.